Katakan Amaryar Sukari

Shekarar da na gama kwalej a Damagaram, babana ya turo ni Faransa wurin ƙanwarsa. Goggo tana zaune a Vénissieux, gefen Lyon, cikin dogayen benayen nan na Minguettes. Shadda take sayarwa da turaren wuta da kilishi, duk a cikin ɗakinta. Aikina in ɗaure kaya, in kai wa masu saye, in yi girki in ta fita. Ɗa guda gare ta, namiji, a can aka haife shi, ya ɗan girme ni. Yana aiki a wani depo inda ake loda kaya cikin manyan motoci.

A wurinmu ɗan goggo taubashi ne, abokin wasa. Bai taɓa zaman Nijar ba, Hausarsa ma a karye take, amma wannan al'ada kam ya iya ta. Ranar da ya je ɗauko ni a filin jirgi, kafin ya gaishe ni ya ƙwace jakata ya buɗe a gaban mutane, ya ciro ƙullin kuka ya ɗaga sama.

"Baƙauya ta iso! An ce miki babu ganye a Faransa?"

Na ce masa, "Ajiye mini, ɗan nasara. Kai ka san daɗin miya?"

Haka muka zauna. Ya ɓoye mini takalmi, ni kuma in zuba masa barkono a shayi. Tun daga bakin asansar, na'urar hawa bene, nake jin muryarsa yana kiran baƙauya.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce ƴar Masar. Ita kaɗai take zaune, ƙafafunta sun kumbura, ba ta cika fita ba. Ɗanta yana Paris da iyalinsa. Na fara kai mata burodi in na je sayen namu, daga nan ta ce in dinga kiranta Teta, wato kaka a bakinsu. Faransancinta guntu-guntu ne, nawa na lakwal ne, wato makarantar boko, sai mu cike da hannu da ɗan Larabcin da na samu a makarantar allo.

Da watan Mauludi ya kusa, ta kira ni in taya ta jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado. Katakai ne a ciki, bibbiyu, sun yi baƙi don tsufa. An sassaƙe cikin kowane, in aka haɗa biyu sai su rufe ruf. Ta sa na jiƙa su a bahon wanka. Washegari muka ɗaure su da igiya, ta dafa sukari da ruwan lemon tsami har ya yi kauri, ta zuba ta ƙasan katakon, ta juya, ta tsiyaye saura. Da ya huce ta kwance igiyar. Sai ga doki da mahayinsa, fari fat. Wani katakon ya ba da zakara, wani jirgin ruwa. Mafi girma ya ba da mace ta riƙe ƙugu da hannu biyu. Teta ta ce wannan ita ce amaryar Mauludi. Ta yi mata ido da baki, ta sa mata siket na takarda mai launi. Ta ce a Masar haka ake yi tun kakannin kakanni, a saya wa yara mata amarya, maza doki, su yi wasa, in Mauludi ya wuce su cinye.

Na yi ta dariya kamar ƙaramar yarinya. Na ce mata mu a gida shinkafa ake dafawa, a yi ɗinki, a kwana ana yabon Manzo, amma ba mu taɓa cin amarya ba.

Muna liƙa takardun ne ta ba ni labarin abin da ya kawo ta. Mijinta yana da shagon alewa a garinsu, can kudancin ƙasar. Mahaifinsa ne ya sassaƙa katakon amaryar da hannunsa. Wasu samarin unguwa suka fara zuwa wani sabon karatu. Da farko gaisuwa suka daina. Daga baya aka wayi gari an yi rubutu a ƙofar shago, wai gumaka ake sayarwa. Wata shekara, ana gobe Mauludi, da rana tsaka suka shigo da sanduna. Ta ce sukari ya rufe ƙasa kamar fasasshen gilashi. Suka sa wuta, suka doki mijinta, bai ƙara miƙewa da kyau ba har ya rasu. Su ɗin ne suka je suka rushe hubbaren wani waliyyi da ake ziyarta, suka jefi cocin maƙwabtansu, waɗanda su ma suna sayen amaryar don ƴaƴansu. Har mutum-mutumin duwatsun nan na mutanen da, waɗanda duniya ke zuwa kallo, suna cewa da sun samu iko sai sun farfasa su. Katakan sun tsira ne don ranar suna gida a cikin ruwa.

Na tambaye ta daga ina mutanen suka zo. Ta dube ni. Ta ce daga ina kuwa? Ta san uwar kowane. Akwai wanda ita da kanta ta taɓa ba shi doki kyauta yana yaro.

A Damagaram ma akwai masu cewa Mauludi bidi'a ne. Amma gardamar baki ce, a yi ta a majalisa, a tashi a ci tuwo tare. Na ɗauka abin da Teta ta faɗa labarin can nesa ne.

Ban san ranar da ɗan goggo ya fara canzawa ba. Ba gemu ne ya ba ni tsoro ba, ba kuma salla ba. Babana yana da gemu, kuma sahun farko yake salla. Wasan ne ya mutu. Ya daina kiran baƙauya. Wata safiya na ɓoye masa takalmi kamar yadda muka saba, na laɓe ina jira ya yi ihu. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko dubi inda nake ba, ya ce da Faransanci, "Kawo takalmina. Kuma ki daina yi mini magana, ni ba muharraminki ba ne." Na kawo na ajiye. 

Na faɗa wa Goggo. Ta ce, "Ke dai bar shi, ɗiyata. Yaro ya shiryu. Da can ba sigari ba ne da yawon banza? Mi kike so in ce, ya daina salla?"

Ya samu sababbin abokai, suna taruwa a wani ɗaki ƙarƙashin benen da ke bayan namu. Ba su zuwa babban masallacin unguwa, wai limamin ya sayar da addini. In na haɗu da su a ƙofar bene sai su yi shiru har in wuce.

Mauludi na biyu da na yi a can, Teta ta raba wa yaran benenmu dawaki da amare kamar yadda ta saba. Ba a yi mako ba aka wayi gari da jan fenti a ƙofarta, da harufan Larabci manya: shirka. Ni na fara gani, da burodi a hannuna. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe, ta karanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in shigo in rufe. Ta zauna a bakin gado tana ta shafa gwiwarta, ta ce, "Haka aka fara. Daidai haka."

An kira ƴan sanda. Sun zo sun ɗauki hoton ƙofar, sun yi tambayoyi, sun ce a kira su in wani abu ya sake faruwa. Bayan tafiyarsu magana ta bazu cewa tsohuwa ta kawo wa unguwa ƴan sanda. Aka toshe mata ramin makulli da gam. Wata rana aka watsa fetur a tabarmar ƙofarta, ba a kunna ba, an bar shi kawai don ta ji wari. Matan da ke shiga gaishe ta suka ɗauke ƙafa. Ni ma sai in leƙa ta ramin ƙofarmu in ga ba kowa kafin in tsallaka.

Ɗanta ya yi ta roƙonta ta koma Paris. Ta ce ta yi gudu sau ɗaya, ƙafafunta ba su da na biyu. Amma katakan ba za su ƙone a hannunta ba. Shi kuma aikin dare yake a babbar kasuwar Rungis, kuma ta hana shi zuwa, ta ce in suka ga namiji ya fito da kaya daga ɗakinta za su tare shi.

Ana cikin haka Goggo ta ce za ta aike ni Paris in kai wa wata Hajiya ƴar Maraɗi shadda da turare, mai shago ce a can. Da na faɗa wa Teta sai ta kama hannuna da nata biyu. Na gane so take in kai wa ɗanta katakan. Ranar da Goggo ta tafi kasuwa na jawo babbar jakar kayan Hajiya na tsallaka da ita. Muka naɗe kowane katako cikin tawul, muka jera a ƙasa, na mayar da shadda a kai.

Niyyata in hau tiram, in shiga metiro, jiragen cikin gari ke nan, har tashar jirgin ƙasa. Da safe Goggo ta ɗaga jakar ta ce, "Kai! Wanga kaya ya yi nauyi. Ba ki iya jan shi." Kafin in buɗe baki ta ƙwala wa ɗanta kira, ta ce ya kai ni da mota.

Na ce, "Goggo, ina iyawa, wallahi."

"Ke rufe mini baki. Ga namiji a gida?"

Ya fito, ya ɗauki jakar. A mota ya nuna mini kujerar baya. Babu rediyo, babu kiɗa. Ina ta salati a zuci. A hanyar fita unguwa akwai tudun nan da ake yi don rage gudu. Da muka hau na farko sai na ji ƙwas daga but. Tawul ɗin ya zame. A na biyu ƙarar ta fi ƙarfi, katako a kan katako. Na ga idonsa a madubi.

Bai bi hanyar tasha ba. Ya karya kwana ya shiga bayan wata masana'anta da aka rufe, fili ne na ajiye motoci, ba kowa sai ciyawa da kwalabe. Ya kashe mota. Ya ce, "Fito."

Ya buɗe but, ya zuge jakar, ya kwashe shaddar Goggo ya aza a gefe a hankali. Ya warware tawul ɗaya. Dokin ne. Ya riƙe yana kallon cikinsa.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Sai kawai na ga hannuna ya kai kansa ya fizge hularsa. Na ja da baya na ɓoye ta a bayana, na ji muryata tana cewa, "Ɗan nasara, yaushe ka zama ɗan duwan mai binciken kaya? Ɓarawon kayan mata! In kana son hularka sai ka rufe mini jaka."

Muryar ba tawa ba ce, ta yi siriri kamar ta akuya. Ya tsaya. Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa. Ko kuwa ni ce nake son in gani, har yau ban sani ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni." Na ba shi. Ya sa.

Ya yi magana yana kallon ƙasa, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce ba na gane komai. Ya ce ƴan'uwa, wato abokan nan nasa, sun tambaye shi yadda aka yi yake kwana ƙofa da ƙofa da gumaka bai yi komai ba. Sun san ni ce nake shiga wurinta. Sun san uwarsa tana karɓar alewarta. An ba shi aikin fasa katakan, kuma in bai yi ba akwai wanda zai yi, kuma wancan ba zai tsaya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Na ce, "Tsohuwa ce. Alewa ce ta yara. Kai ma ka ci, Goggo ta faɗa mini."

Ya ce, "Yi shiru."

Ya tona har ya ciro mafi girma, na amarya. Ya ware ɓangarorin biyu ya ajiye a kan kwalta, fuskar tana kallon sama. Ya ɗauko ƙarfen kwance taya. Ya fito da wayarsa, ya ce in matsa, kuma ko tari kada in yi. Ya kunna bidiyo. Da wata murya mai kauri da ban san shi da ita ba, ya ce ga gumakan tsohuwar, ya karɓe su duka, ga babbarsu, sauran ma haka za su bi. Ya yi kabbara, ya sauke ƙarfen.

Katakon ya tsufa, ya sha ruwa da sukari shekara da shekaru, bai fashe da wuri ba. Sai da ya yi ta duka. Na toshe bakina da gyale. Wani guntu ya yi tsalle ya bugi ƙafata. Da ya gama ya kashe wayar, yana haki, ya tsaya kamar bai san inda yake ba.

Daga nan ya naɗe dokin cikin tawul ya mayar. Ya gyara sauran, ya cusa hular sanyinsa a tsakaninsu don kada su yi ƙara, ya jera shadda a kai, ya zuge. Ya kai ni tasha. Shi ya ja jakar har bakin jirgi, ya ɗora ta. Da zai juya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kada ki dawo da wuri."

A cikin jirgi jikina ya ƙi tsayawa.  Matar da ke kusa da ni ta dube ni, ta dubi gyalena, ta tashi ta canza wuri. A tashar Paris sojoji suna zagayawa da bindigogi. Na ga kaina yadda za su gan ni: baƙar yarinya da lulluɓi, tana rawar jiki, tana jan jaka mai nauyi. Na ce in suka tsayar da ni mi zan ce? Waye ya fasa, a ina, don mi? Duk amsar da zan bayar sunan ɗan Goggo ne a ƙarshenta. Na sunkuyar da kai na wuce ta gabansu. Ba wanda ya kira ni.

Ɗan Teta yana zaune a La Courneuve, gefen Paris. Na same shi ya tashi daga barcin rana, idonsa ja. Matarsa ta ba ni ruwa. Ya durƙusa yana warware tawul ɗaya bayan ɗaya, yana haɗa kowane da ɗan'uwansa. Da ya kai ƙarshe ya sake lalube jakar. Ya ce, "Amaryar fa?"

Na faɗa masa an tare ni a hanya, an fasa ta, an bar mini sauran. Na jira ya tambaye ni wane ne. Bai tambaya ba. Ya kira uwarsa, suka yi magana da Larabci, ya miƙo mini wayar.  Teta ta ce, "Ke lafiyarki? Bai taɓa ki ba?" Ban ce mata namiji ɗaya ne ba, ban ce ta san shi ba. Ita ce da kanta ta ce "bai".

Ban koma Lyon ba. Hajiyar Maraɗi tana neman mai taya ta a shago, na roƙe ta ta riƙe ni. Goggo ta yi faɗa, daga baya ta haƙura, ta ce ko ba komai ina koyon kasuwa. In ta kira takan ce, "Yaushe za ki zo ki gan mu, ƴar nema?" In ce sai an rage aiki. Wani lokaci ina jin motsinsa a bayanta, buɗe firij ko jan kujera, sai in ce mata ga mai saye ya shigo.

Bidiyon ya zagaya a wayoyin unguwa. Wata ƙawata ta can ta turo mini, tana cewa in ga abin da ake yi. Na kalla sau ɗaya. Fuskarsa ba ta fito ba. Amma a gefe, can ƙasa, ga ƙafata, ga takalmina ja, ga lallen da Goggo ta sa mini. Duk wanda ya san ni a benen nan ya san takalmin. Ranar na jefa shi a shara, na sayi wani.

Tun daga lokacin ba a sake taɓa ƙofar Teta ba. Sun ɗauka komai ya ƙare. Ita ma haka take faɗa wa duk wanda ya tambaya, cewa an karɓe mata duka. Dole ta faɗi haka. In doki ɗaya na sukari ya bayyana a hoto, a Lyon ko a Paris, za su san wanda ya yi musu ƙarya, su san wadda ta ɗauki jakar, su san ƙofar da za su koma.

Mauludin da ya wuce ɗan Teta ya ce zai zuba wa ƴaƴansa sukari a katakan, ba su taɓa gani ba. Ya ce in zo, ni ce na ga yadda uwarsa take yi. Na ce ba zan zo ba, daga baya na je. Na roƙe shi a karɓe wayar kowa, har ta matarsa, aka sa a aljihun tebur. Aka ja labule da rana tsaka. Sukarin farko ya ƙone, na biyu ya yi. Doki ya fito, ƙafarsa ɗaya ta ɗan gutsure. Yaran suka yi ihu, ƙaramar ta ce za ta kai lakwal ta nuna wa ƙawayenta. Uban ya dube ni. Ya durƙusa ya ce mata wannan dokin ba ya fita waje, a nan ake cinye shi, yanzu. Ta fara kuka, ya karya mata kan ya sa mata a baki.

Ni ban ci ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, don na ji asansar ya tsaya a hawanmu, kuma ban ji wanda ya fito ya buɗe ɗakinsa ba.